Wasiƙa daga Gembu zuwa Damagaram a kan motar daji

Gembu, Jihar Taraba

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na karanta shi a tsanake. Na yi farin ciki da jin cewa harkar magungunan dabbobi ta buɗe har kana shirin sayen mota mai jan ƙafa huɗu domin zagayen rugage da kasuwannin da ke tsakanin Damagaram da Tanut, har zuwa Aderbissinat. Allah ya sanya albarka. Sai dai jerin abubuwan da ka ce za ka ƙara mata, wato manyan tayoyi da ɗaga ta sama da bamban ƙarfe da fitilu a kan rufi, shi ya sa na zauna in rubuto maka da ɗan tsawo, tun da na daɗe ina riƙe da irin wannan mota, kuma ita nake shiga kullum, ko kasuwa za ni ko daji.

Tawa Land Cruiser ce ta jerin 70, mai dogon bodi, irin wadda asibitoci da ƙungiyoyin agaji suke shiga ƙauyuka da ita. Toyota ta fara ƙera wannan jeri a 1984, injin da ke cikin tawa kuwa, wanda ake kira 1HZ, ya fito a 1990. Injin gas ne mai silinda 6 a jere, girmansa lita 4.2, ba shi da turbo, kuma babu kwamfutar da ke sarrafa masa mai. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, alhali motar ta haura tan 2 tun ba a ɗora mata kaya ba, saboda haka ba ta da gudu, kuma kada ka sa ran wuce manyan motoci da sauƙi a kan kwalta. A nan tsaunin Mambila abin ya fi fitowa fili, domin muna sama da mita 1,500 daga teku, iska ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo kuwa yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 da aka hau. Duk da haka shi zan ba ka shawarar nema, saboda duk bakaniken da ya san aikin gas yana iya buɗe shi ya mayar, kuma kayansa ba sa wuyar samu a Kano ko Agadas.

Kafin maganar ƙarin kaya, ya kamata ka san yadda zaman yau da kullum yake da ita, domin wannan ne masu sayarwa ba sa faɗa. Bayanta a kan sifirin faranti yake, an yi shi ne don ɗaukar nauyi, shi ya sa idan babu kaya takan yi ta tsalle a kan gargada, wanda ke zaune a baya ya sha wahala. Juya ta a lungu sai an yi gaba an yi baya. Tawa tana shan gas tsakanin lita 12 da 14 a kilomita 100 idan hanya tana da kyau, ta fi haka a taɓo, kuma duk juyen baƙin mai tana cin kusan lita 10, ni kuwa ba na bari ta wuce kilomita 5,000 ban juye ba saboda ƙura da hawan dutse. Ku da kuke da matatar SORAZ a kusa da ku tun 2011 kun fi mu kusa da inda gas yake fitowa, amma ka lissafa wannan kuɗi wata-wata tun yanzu, ka gani ko cinikin zai ɗauke shi.

Akwai kuma abin da dole hannunka ya saba da shi. Wannan mota ba kullum take jan ƙafa huɗu ba. A kan kwalta ƙaramin sandan giya yana zama a H2, ƙafafun baya kaɗai ke aiki, makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba kuma suna buɗe. Idan za ka shiga rairayi ko taɓo sai ka sauka ka murɗa makullan nan biyu, sannan ka sa H4, ko L4 idan wurin yana buƙatar ƙarfi da tafiya a hankali. Dalilin da ya sa ba a barin ta a ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta shi ne, idan an haɗa gaba da baya to dole su juya da sauri ɗaya, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya cin nisa. A ƙasa mai laushi taya takan ɗan zame ta sauke wannan bambanci, a kan kwalta kuwa ba ta samun zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin giya da aksil har ya ci haƙora. Na ga motoci da dama a gareji da wannan ciwo, kuma gyaransa yana da tsada ƙwarai.

Yanzu ga maganar tayoyi, wadda ita ce ta fi damuna a cikin jerin naka. Babbar taya tana ƙara wa mota kwarjini, kuma gaskiya ne tana ɗan ɗaga cikinta daga ƙasa, amma kowane juyi nata ya fi na asali tsawo, wato kamar ka ƙara wa kowace giya nauyi ne a kan injin da dama ba shi da rarar ƙarfi. Kuloci zai riƙa ƙonewa wajen tashi, birki zai ƙara wahala wajen tsayar da ita, agogon gudu zai nuna ƙasa da gudun da kake yi, sannan gaɓoɓin aksil na gaba, waɗanda ke juya ƙafa yayin da kake karya sitiyari, su ne za su fara karyewa. Ni na tsaya a kan 7.50R16 da motar ta zo da ita, na dai zaɓi mai manyan haƙora saboda jar lakar Mambila, wadda idan ruwa ya taɓa ta takan yi santsi kamar an shafa mata sabulu. Kai kuwa ba wannan ce tayarka ba. Taya mai manyan haƙora tona rami take yi a rairayi, ta binne kanta. Ka nemi mai matsakaicin zane da ƙaƙƙarfan gefe saboda ƙaya da duwatsu, kuma ka tabbata girmanta irin wanda za ka samu ne a wurin mai faci na ƙaramin gari ranar da ta fashe.

Abin da ke fitar da mota daga rairayi shi ne rage iskar taya. Ka tuna yadda direbobin Yusufari ta Jihar Yobe suke yi idan za su nufi Tulo-Tulowa: sukan tsaya a bakin tudun rairayi su sassauta iska kafin su shiga. Idan a kwalta gejinka na iska yana wajen 40 a ma'aunin psi, a rairayi mai laushi kana iya saukowa zuwa 18 ko 20, wato wajen bar 1.3 a ma'aunin da kuke amfani da shi, sai tafin tayar ya ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu, ta riƙa tafiya a saman rairayin. Sharaɗinsa shi ne ba a gudu kuma ba a karya kwana da ƙarfi a wannan hali, sannan da zarar ka fito ƙasa mai tauri ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace daga ciki. Don haka injin ba da iska mai aiki da batirin mota, da geji mai kyau, sun fi duk fitilun da ka lissafa amfani.

Ɗaga mota ma ina da ra'ayi a kai. Idan sifirin ya gaji, ka sa sabo mai ɗaukar nauyin da za ka riƙa ɗorawa, tare da shokozoba masu kyau, kuma idan hakan ya ɗaga ta da santimita 5 babu laifi. Abin da ya wuce wannan yana canza kusurwar sitiyari da ta sandar da ke kai ƙarfi ƙafafu, motar ta riƙa yawo a kan hanya. Wannan mota dama doguwa ce siririya, kuma duk abin da ya ƙara mata tsawo ya ƙara mata saurin kifewa. Haka nan kariyar ɗora kaya a kan rufi: jarka biyar ta ruwa mai lita 20 kilo 100 ke nan a wuri mafi tsawo a jikin motar, ga safaya, ga buhuna. Ni kaya masu nauyi a ƙasa nake shimfiɗa su, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, in ɗaure su, rufi kuwa tabarma da katifa kawai yake gani.

Inda na kashe kuɗi ban yi da-na-sani ba shi ne wuraren da ido ba ya gani. Na ƙara filtar gas ta biyu mai raba ruwa da mai, domin man jarka da ake saye a ƙauye yakan zo da ruwa da datti, famfon gas kuwa yana cikin abubuwan da suka fi tsada a jikin injin. Na sa bututun shaƙar iska da ke hawa ta gefen gilashin gaba, wanda a wurinku zai fi amfani wajen rage ƙurar da filtar iska ke sha. Na kuma ja ƙananan bututun numfashin aksil zuwa sama, saboda idan aksil mai zafi ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa ya gauraya da mansa, kuma hakan zai shafe ka idan koramu suka kawo da damina. Lagireto ina wanke shi ciki da waje, bel ɗin taimin kuma ina canza shi a kilomita 100,000 ko da bai nuna gajiya ba, domin idan ya tsinke injin yana aiki, ɓarnar tana kaiwa har kan silinda. Sai shebur, da faranti biyu na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya, da igiyar ja, da katakon da jak zai zauna a kai, da safaya ta biyu. Na'urar ja mai igiyar ƙarfe tana yi mana amfani a nan inda itatuwa suke, amma a filin da babu abin ɗaurewa nauyi ne kawai a kan ƙafafun gaba.

Tuƙin kansa yana son haƙuri. Duk wanda ya san gangaren sauka daga tsaunin Mambila da ke tsakanin Maisamari da Mayo Selbe ya san cewa ba a sauka da birki. Ana sa ƙaramar giya ne injin ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taɓa shi jefi-jefi, saboda idan aka danne shi tun daga sama zai yi zafi, mansa ya tafasa, ƙafa ta nutse ba tare da motar ta tsaya ba. Tsofaffin Land Rover da ke jigilar mutane da kaya tsakanin Gembu da Nguroje da ƙauyukan kan iyakar Kamaru sun daɗe a wannan hanya ne saboda direbobinsu sun san wannan. A rairayi kuwa ka zaɓi giyarka tun kafin ka shiga, ka riƙe totur daidai, kada ka taka kuloci a tsakiya, kuma da ka ji taya ta fara juyawa a wuri ɗaya ka ɗaga ƙafa nan take, ka sauka ka ƙara rage iska ka share gaban tayoyin. Korama mai gudu kuma kada ka shige ta sai ka taka ta da ƙafa ka san zurfinta da irin ƙasanta, idan ta fi ƙarfin mutum ya tsaya a ciki to a jira ta janye.

Ranar da za ka je duba motar, ka tafi da bakaniken da kai ka zaɓa, kuma ku isa da sassafe kafin a tayar da injin, domin a sanyi ne yake nuna gaskiyarsa. Ku kwanta a ƙarƙashinta ku duba shasi ko akwai walda ko tsagewa, musamman inda sifirin yake kamawa, ku sa H4 da L4 ku ji ko suna shiga suna fita lafiya, ku buɗe murfin lagireto ku ga ko akwai mai a cikin ruwan, sannan ku gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardun kwastan. Idan ka sami wadda ta kwanta maka, ka turo mini hotunan ƙarƙashinta da na injin kafin ka biya, in nuna wa bakanikena mu ba ka amsa.

Ka gaida su Baba da kyau, ka gaida uwargida da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini.