Baba Alhaji, Ga Amsar Tambayarku Kan Dariyar Da Aka Yi A Kallon Xala

Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Tambayar da kuka yi mini a bainar jama'a ranar da muka haska fim ɗin Xala ba ta amsuwa a tsaye, ga dare ya yi, ga mutane sun fara laluben takalmansu. Tunda a gaban mutane kuka yi ta, gara amsar ma ta zo inda kowa zai gani. Cewa kuka yi yara sun shafe awa biyu suna ƙyaƙyata wa alhaji mai mata uku dariya, daga ƙarshe aka tuɓe shi aka tofa masa yawu, wasu suka fice cikin fushi, saura suka yi tsit. To wa ake zagi, kuma mu da muka kawo fim ɗin me muke so yara su ɗauka?

Bari in ɗan gutsura wa waɗanda ba su halarta ba. Usman Sembene ɗan Senegal ne, an haife shi a Ziguinchor a 1923, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille kafin ya je Mosko ya koyi aikin fim. Shi ya rubuta littafin Xala da Faransanci a 1973, shi kuma ya mayar da shi fim a 1975. Labarin Alhaji Abdulƙadir Beye ne, babban ɗan kasuwa a Dakar, wanda ya yi amarya ta uku, daren farko ya tarar an ɗaure shi, ya kasa kusantarta. Wannan larura ce Wolof ke kira xala. Daga nan ya shiga yawon neman magani, dukiya na zurarewa, har ya wayi gari ba kanti, ba mota, ba amarya.

A baya na zauna, kusa da na'ura, saboda haka ƙeyar mutane na fi kallo. Dariyar nan da kuka ji kamar guda ɗaya, kashi-kashi ce, Baba. Samari a ɗakin amarya suka fi darawa, musamman inda wani mai magani ya sa Alhaji ya ciji laya ya rarrafo wajen yarinyar, ita kuwa ta kwarma ihu. Wannan dariyar ba ta da wani zurfi, ko a ina aka nuna babban mutum yana rarrafe sai an yi ta. Mata kuwa nasu wurin daban ne. Sun yi shewa a wajen biki, inda uwargida da ta biyu suka zauna gefe guda kamar baƙi a auren mijinsu, ga kek a tsakiyar taro an ɗora masa 'yan tsana biyu, ango da amarya, duk Turawa. Da ta biyun ta ga kasuwa ta karye ta kira babbar mota ta kwashe kayanta kaf, sai na ji wata daga layin mata ta ce, "Yauwa, dama cin kaza ya kawo ta." Uwargida Aja kuwa ba wadda ta yi mata dariya ko sau ɗaya. Da aka nuna ta zaune ita kaɗai tana jira, tsaki na ji daga wurare da yawa, kuma mijin ake yi wa.

Layinku na lura da shi fiye da kowane. A farkon fim, inda 'yan kasuwa baƙar fata suka shiga majalisar 'yan kasuwa da manyan riguna ana kiɗa, suka fitar da gumakan Faransa suka jibge a bakin ƙofa, suka sallami Turawan, an yi tafi. Ba a jima ba Turawan suka dawo ta ƙofar nan ɗin dai, yanzu a matsayin masu ba da shawara, suka ajiye wa kowane memba jakar hannu a gabansa. Kowa ya ɗan buɗe tasa, ya ga kuɗi, ya rufe, ya gyara zama. Rigunan ma sun koma kwat. Yara ba su yi dariya a nan ba, don ba su gane ba. Ku dattawan kasuwa kuka gane, kuma abin da ya fito daga layinku gajeriyar dariya ce ta hanci, irin ta wanda aka ambaci sunan wani da ya sani. Kuna cikin kasuwa lokacin da Gowon ya kafa dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972. Kun fi ni sanin yadda wasu suka wayi gari daraktoci a takarda, ofis nasu, mota tasu, amma makullin sito na hannun mai shi na asali.

Wannan mutumin ake zagi. Sembene ya kira shi Alhaji ne saboda a Dakar ta lokacin, kamar a Kano, wanda kuɗi ya zauna masa yakan je Makka ya dawo da laƙabin. Amma ku tuna abin da fim ɗin ya nuna yana yi. Ko da 'yarsa Rama ta yi masa Wolof, da Faransanci yake mayar mata. Ruwan kwalba na Evian da ake kawowa daga Faransa yake sha, har direbansa na ɗura wa lagireton Marsandi irinsa, a ƙasar da ƙauyuka ke fama da fari. A nan kam kowa ya dara, ku ma na ga kafaɗarku ta motsa. Kuɗin bikin da motar da aka ɗaure wa ƙyalle aka kai wa amarya, daga shinkafar hukumar abinci ta ƙasa suka fito, wadda aka ba shi ya karkatar. Mabaratan da ke zama a ƙofar kantinsa kuma waya ɗaya ya sa aka buga aka turo 'yan sanda suka kwashe su zuwa bayan gari, wai suna ɓata wa masu yawon buɗe ido gani. Ba a yi masa dariya don ya yi salla ba, ba a yi masa don ya je hajji ba.

Zancen shinkafar nan ba almara ba ce ga wanda ya ga farin 1973. A Nijar, cikin dalilan da sojoji suka bayar da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974 har da yadda abincin agaji ya riƙa maƙalewa a hannun manya mutane na mutuwa. Shekara guda bayan haka fim ɗin ya fito.

Akwai inda nake tare da ku. Rama ta dubi ubanta ta ce duk mai mace fiye da ɗaya maƙaryaci ne, ya kwaɗa mata mari, kuma fim ɗin ya fi karkata gare ta. Wannan ra'ayin Sembene ne, mutum ne mai aƙidar gurguzu da bai ɓoye ba, kuma ba dole ne mai kallo ya saya ba. Ni ban saya ba. Na san gidajen mata uku da ake zaune da adalci, na kuma san gidan mace ɗaya da ƙarya ta yi wa katutu. Sai dai auren da ke cikin fim ɗin aure ne na nuna isa, an ɗauko yarinya sa'ar 'yarsa an biya da kayan sata, kuma ko a majalisarku in aka kawo labarin irinsa ba yabo ake yi ba. Batun malamai ma a duba da kyau. An nuna macuta masu karɓar kuɗi a banza, gaskiya ne. Amma akwai malamin ƙauye da direba ya kai shi wurinsa, wanda ya yi aiki larurar ta warware. Alhaji ya biya shi da ceki, cekin ya dawo ba kuɗi a asusu, malam ya mayar masa da kayarsa. A wannan ciniki ai malam aka cuta.

Abin da ya sa irin wannan fim ke rikita masu kallo shi ne yana tafiya a kan abin da hankali ke cewa ba zai yiwu ba, alhali ido ya sha gani. Wani baƙauye ya shigo birni da kuɗin da mutanen garinsu suka tara don sayen abinci, ɗan sane ya zare su a cikin cunkoso. Ɗan sanen ya je ya sayi kwat. Ranar da aka kori Alhaji daga majalisa, shi aka ba kujerarsa, aka ajiye masa tasa jakar. Wani saurayi a gabana ya ce, "Kai, wannan kuma ai an yi ƙari." Na kusa da shi ya ce, "Kana jin labarai kuwa?" Rabin masu dariyar suna yi ne don abin ya wuce hankali, rabin kuma don bai wuce ba. A zaman korar nan ne ma Alhaji ya faɗi gaskiya karo ɗaya tak, ya ce wa abokansa dukkansu 'yan kamasho ne masu tsintar ragowar Turawa, abin da ya yi kowa na yi. Ya nemi ya yi maganar da Wolof aka hana shi.

Sai ƙarshen, wanda shi ya fi ɓata muku rai. Mabaratan da aka zubar a bayan gari sun dawo da ƙafa da rarrafe, makafi da guragu da kutare, suka shige gidan uwargida, suka buɗe firij, suka hau kujeru. Jagoransu makaho ya tuna wa Alhaji abin da ya manta: danginsa ne, Alhajin ne ya murɗe takardu ya cinye musu gado, ya sa aka kai makahon kurkuku. Makahon ne ya yi masa xala, kuma magani ɗaya ne, ya tuɓe ya tsaya kowannensu ya tofa masa yawu. Ya tuɓe ɗin. Hoto ya tsaya cak a kansa, amma sautin kaki da tofi bai tsaya ba.

Ban ga laifin waɗanda suka fice ba. Ni ma cikina ya tashi, kuma ba kallona na farko ba ne. Amma kun lura su wa suka fara fita? Har da samarin da suka fi kowa dariyar rarrafe. Awa biyu an bar su suna jin su 'yan kallo ne, abin na wani ne can a Dakar, sai aka juyo da su aka ce to ga hukunci, ku da kuka ji daɗin faɗuwarsa ku tsaya ku gani har ƙarshe. Mu da muka saba da tashe mun san yaro ya manna gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya kwaikwayi maigida, maigida ya dara ya ba da sadaka, a wuce gida na gaba. Sembene ya yi tashen, ya ƙi karɓar sadakar, ya kuma ƙi tafiya. Shirun da kuka ji daga nan ya fito. Kuma ina ganin da gangan ya zaɓi yawu. Mutanen da kullum ake kawar da kai daga gare su, ana toshe hanci, ba su da kotu ba su da ɗan sanda, abin da ke bakinsu kaɗai suka mallaka.

Ina da ƙorafi a kan wurin, amma ba irin naku ba ne. An tara naƙasassu an mai da jikinsu abin tsoratarwa, kamara na bin dungu da ƙafar da ta shanye, har mai kallo ya rasa ko tausayinsu ake so ya ji ko ƙyama. Wata malama da ke koyar da yara masu buƙata ta musamman ta faɗa mini haka a bakin ƙofa, kuma ban sami abin mayar mata ba.

A Senegal ma ba a kalle shi lami lafiya ba. Hukuma a zamanin Shugaba Senghor ta yanke wurare da dama kafin ta bari a haska, ga shi shugaban majalisar 'yan kasuwan a fim ɗin ba a ba shi suna ba, Shugaba kawai ake ce masa, mutanen Dakar kuwa ba su buƙaci a yi musu bayani ba. Duk da yankan, jama'a sun yi tururuwa zuwa sinima. Littafin ya shekara biyu a kasuwa bai tayar da irin wannan ƙura ba, domin masu iya karanta Faransanci su ne dai mutanen da ake zagi da 'ya'yansu. Fim ɗin ne ya kai labarin ga direba da mai talla da mabaracin kansa, cikin Wolof ɗin da suke ji. Dalilin da ya sa Sembene ya koma fim ke nan tun farko, yana kiran sinima makarantar dare. Littafin yana zaunar da kai ya bayyana maka tarihin kowa da abin da ke ransa, har ka ɗan tausaya wa Alhaji. Fim ɗin ba ya wannan lallashi, kuma a cikin taro ake kallonsa, inda kowa ke jin inda maƙwabcinsa ya dara da inda ya yi gum.

Kan abin da yara za su ɗauka, kuna da gaskiya cewa ba na ƙananan yara ba ne, kuma nan gaba za a faɗi haka tun a sanarwa. Amma ɗaliban jami'a da na kwaleji ina so su gani, kuma ina so su gani tare da irinku. Sun gane laya da ɗakin amarya ba tare da taimakon kowa ba. Jakar hannun ce ba su gane ba, ni kuma a takarda kawai na san zamanin. Idan za ku yarda, a haskawa ta gaba mu tsayar da fim ɗin bayan minti goma na farko, ku ba su labarin yadda aka raba hannun jari a kasuwar nan bayan dokar 1972, wa ya samu, da kuɗin wa, ba sai kun kama suna ba. In kun ga dama ku tafi kafin wurin yawun, zan sa a yi muku alama.

A gaida su Hajiya duka.

Ɗanku.