Barka da Sallah daga Faransa, da batun ƙwan agwagwar Auta

Assalamu alaikum Baba, Inna da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Nan garin ba wanda ya san Sallah ake yi. Shaguna a buɗe, kowa ya tafi aikinsa, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Layya sai a mayankar da hukuma ta yarda da ita, naman ya zo maka a kwali, yankakke, sanyi ƙalau. Ni dai hancina yana Maradi. Na san war haka an gicciye raguna a kan itace kewaye da wuta a ƙofar gida, kitse na ɗiga a garwashi, Kawu na gyara itace yana korar yara. Inna kuma tana soya kayan ciki. Hantar nan ta farko da ake tsamowa daga mai a barbaɗa mata yaji, a ci a tsaye tana ƙona yatsu, ita ce ta hana ni sukuni yau. Na sayi hanta na gwada, ba ta yi ba.

Auta, an ce injin ƙyanƙyasar ya iso. Kada ka zuba ƙwai sai ka kunna shi kwana guda babu komai ciki, ka ga ya tsaya a digiri 37.5. Injin nan ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba, ga shi zafin gida yana wuce 40 kafin ruwa ya sauka. Ka kai shi ɗakin ƙasa na Kaka, nesa da taga da rufin kwano. Zafin da ya haura 39 ya daɗe yana kashe ɗan tayi.

Ka zaɓi ƙwan da bai wuce kwana 7 ba, marar tsaga, daga agwagin da ke tare da toro. Kada ka wanke, goge dattin kawai da busasshen ƙyalle, don wanki na cire rufin da ke tare ƙwayoyin cuta. Ka sa alama da fensir a gefe biyu, ka riƙa juyawa sau uku ko biyar a rana. Adadin ya zama mara, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya kullum ɗan ya manne da ɓawo. Danshi kashi 55 cikin 100, ruwan kwanon ciki kuma mai ɗumi.

Inda mutane ke yin asara shi ne lissafi. Kaza kwana 21 take yi. Farar agwagwar Turawa 28. Tamu ta gida mai jan fuska sai ta cika 35. Wani sai ya ga an wuce wata shiru, ya ce baragurbi ne ya zubar, alhali ƴaƴan na da rai. A kwana na 10 ka shiga duhu ka haska kowane ƙwai da tocila ta wajen faffaɗan kai. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda yake fayau, ko mai jan zobe, fitar da shi kafin ya fashe ya ɓata sauran. Daga nan kullum ka buɗe minti goma su sha iska, ka ɗan yayyafa musu ruwa mai ɗumi, kamar yadda uwar ke dawowa kan ƙwai da jiƙaƙƙen gashi.

Ranar 32 ka daina juyi, ka kai danshi 70, ka rufe. In an yanke kuran, wato wutar lantarki, lulluɓa wa injin bargo, kada ka leƙa. Ɗan agwagwa yakan huda ɓawo ya kwanta kwana guda, har biyu, kafin ya fito. Na san halinka da gaggawa: kada ka ɓare masa, jijiyoyin ba su gama janye jini ba. Yawan buɗewa kuma na busar da tantanin ciki ya ɗaure shi. Bar su su bushe a ciki, sannan ka mai da su kwali mai ɗumin digiri 32 zuwa 35 a satin farko. Ruwan sha a faranti marar zurfi da tsakuwa ciki. Ba su da man jikin da uwa ke shafa musu, in sun jiƙe sanyi zai kashe su.

A gaida Kaka da kyau, a ce mata goronta na nan tafe, kuma ta yi haƙuri da baƙin da za a kai mata ɗaki. Gwaggo ta Tibiri, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa, a ajiye mata cinya in an tashi rabo gobe. Yaya da yaranta, musamman takwarana mai ƙiriniya, kada a bar shi kusa da injin. Kawu, liman, maƙwabta duka. Inna, ki soya mini nawa ya bushe sosai ki adana, ko za a samu mai tahowa.

Ɗanku.