Sukar Aikin Fasaha da Mutuncin Mai Yin Sa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke sukar marubutanmu da mawaƙanmu da 'yan fim ɗinmu. Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, na shafe fiye da shekara 20 ina koyar da adabi, kuma abin da na lura da shi shi ne mun ƙware matuƙa wajen cin mutuncin mai aikin fasaha, amma kaɗan ne daga cikinmu ke zama su duba aikin kansa, su faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza, da dalilin gazawar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya faru da wata tsohuwar ɗalibata. Bayan ta gama makaranta ta kawo mini wani littafin rubutu mai shafi 80, bangonsa har ya yi laushi saboda yawan riƙo, ta cika shi taf da labarin wata yarinya da aka sako da goyo, ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗakin ajiyar gawayi ta zauna. Na karanta shi a dare ɗaya. Akwai wani wuri da ta nuna yarinyar tana jira sai kowa ya gama ɗibar tuwo kafin ta miƙa kwanonta, don kada matar uba ta ce ta ƙara wa gida baki, kuma na san wanda bai iya kallon mutane da idon basira ba ba zai rubuta wannan ba. Daga baya ta riƙa buga labarin a waya da daddare, tana saka shi shafi-shafi a wani zauren WhatsApp na masu karatu. Kafin ta kai rabi sai maganganu suka fara shigowa. Wata ta tambaye ta ko labarin yayarta ne take tallatawa. Wani ya rubuta cewa budurwar da ta san sirrin zawarci haka, to a bincike ta. Aka ɗauki hoton maganganun aka yi ta turawa, har suka isa gidan wanda ke neman aurenta, aka aiko wata dattijuwa ta zo ta ji ba'asi wurin mahaifiyarta. Ranar da na haɗu da ita a wurin wani suna na tambaye ta ina aka kwana, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam, ai na goge, na daina.”

Labarin nan fa yana da kurakurai na gaske. A tsakiyarsa uban yarinyar ya sauya hali daga mai taurin zuciya zuwa mai tausayi ba tare da an nuna abin da ya karya masa zuciya ba, sannan marubuciyar ba ta bambanta k da ƙ, kuma tana haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Cikin dukan waɗanda suka yi mata caa, babu mutum ɗaya da ya ambaci ko guda daga cikin waɗannan. Da an faɗa mata su, da yau ta fi jiya iya rubutu.

Wannan hali yana da saiwa a cikin al'adarmu, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Tun zamanin kakanni Bahaushe yana son kiɗa da waƙa, ba ya biki ko naɗin sarauta sai da su, amma yana ajiye makaɗi da maroƙi a ƙasan tsani, ya yi masa kari a filin wasa, gobe ya hana shi 'yarsa. Alhaji Mamman Shata ya kai matsayin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, duk da haka har yau akwai gidajen da idan yaro ya ce waƙa zai yi, sai a ɗauka ya lalace. Da marubutan zamani da 'yan fim suka zo, sai suka gaji wannan matsayi, muna cin moriyar aikinsu muna kuma ƙyamar su.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ba a cika lura da shi ba, kuma a ganina ya fi na farko muhimmanci. Littattafan da muke alfahari da su a makarantu ba haka kawai suka faɗo daga sama ba. Gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, wadda ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, tana da edita a bayanta, wato Rupert East, wanda ya zauna da rubuce-rubucen ya duba su kafin a buga. Bayan haka aka sami Kamfanin Gaskiya, da hukumar adabi ta Jihar Arewa wato NORLA, da kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966, dukansu suna da mutanen da aikinsu shi ne su karanta rubutu a ɓoye, su mayar wa mai shi ya gyara, kafin duniya ta gani. Da tattalin arzikin ƙasa ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kaiwa kasuwa. Marubucin ya zama shi ne edita, shi ne mai gyaran rubutu, shi ne ɗan talla, shi ne kuma wanda za a jefa idan an tashi jifa. Yau da waya ta maye gurbin maɗaba'a, abin ya ƙara tsananta, domin tsakanin yatsan yarinya mai shekara 19 da idanun dubban mutane babu ko labule. 'Yan fim ma haka ne: satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, suka koma YouTube, inda abincinsu ya rataya a kan yawan masu kallo, kuma a ƙarƙashin kowane fim akwai fili a buɗe ga duk wanda ya ga dama ya zagi uwar jarumi ba tare da ya bayyana sunansa ba.

Kada a ɗauka ina cewa a daina suka. Na shaida muhawarar da aka tafka a shafukan jaridu, ciki har da New Nigerian, a shekarun 1990, lokacin da masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya kira sababbin littattafan nan Adabin Kasuwar Kano, ya yi musu kaca-kaca, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme kuma suka shigo fagen kowa da nasa ra'ayin. Muhawarar ta yi zafi ƙwarai, kuma na tabbata ta ɓata wa marubuta da yawa rai. Sai dai kowa ya sa sunansa a ƙasan abin da ya rubuta, kowa ya kawo hujja daga cikin littattafan, kuma wanda aka soka yana da damar mayar da martani a mako mai zuwa. Marubutan Kano da suka kira ƙungiyarsu Raina Kama sun san abin da suke nufi da sunan, kuma lokaci ya nuna gayyar: an fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya a 2012, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya karɓi lambar girmamawa ta ƙasa ta MON. Ina da yaƙinin cewa waccan suka mai hujja tana cikin abubuwan da suka sa wasunsu suka ƙara ɗamara, suka kuma sa jami'o'i suka fara ɗaukar aikinsu da muhimmanci.

Abin da ya biyo baya kuwa wani abu ne dabam. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta cinna wa littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata wuta, kuma wuta ba ta karanta shafi balle ta ware mai kyau da marar kyau. A wannan shekarar ce kuma wani bidiyon sirri na mutum biyu, ɗayarsu 'yar fim, ya fita, aka yi wa masana'antar fim gaba ɗaya kuɗin goro, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, alhali a cikinta akwai masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da masu dafa abinci da direbobi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 2008 aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin da ya shekara da shekaru yana sa gidajenmu dariya, aka kuma ɗaure mai shirya fim Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan an yi masa ca daga mumbari da kafafen sada zumunta, ga shi kuwa horo da kayan aiki na cikin abubuwan da za su iya gyara kurakuran da ake kuka da su. Duk wanda ya tashi ya ga waɗannan abubuwa, zai fahimci cewa a wurinmu kuskure a aikin fasaha yana iya kai mutum gidan yari ko ya raba shi da aure, kuma mai irin wannan fargaba ba zai taɓa rubuta gaskiyar abin da ya gani ba.

Mata ne suka fi shan wannan wahala. Namiji zai fito a matsayin ɗan fashi a fim a ce ya iya wasa, amma mace idan ta fito a matsayin muguwar kishiya ko mai zaman kanta, sai a ce halinta ne ta nuna. Shi ya sa marubuta mata da yawa suke ɓuya a bayan sunan 'ya'yansu ko wani laƙabi, wasu kuma da zarar an ɗaura aure sai a ji shiru.

Dole kuma in faɗa wa masu fasahar tasu gaskiyar, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai fina-finan da aka kwaso labarinsu daga Indiya aka sa musu hula da mayafi kawai. Akwai waƙoƙin da babu komai a cikinsu sai amo. Akwai kuma rubuce-rubucen batsa da ake sayarwa a waya, waɗanda duk uban da ya gan su a hannun 'yarsa yana da haƙƙin ya ɗaga murya, ni ma na ƙwace irinsu a aji. Sannan da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna sun kewaye kansu da 'yan amshin Shata, duk wanda ya ce musu ga gyara sai su kira shi mahassadi, su sakar masa magoya baya. Amma ina ganin wannan ma ɗan waccan ɗabi'a tamu ne. Mutumin da aka saba zagin iyayensa da sunan gyara, wata rana ko nasiha ta gaskiya aka kawo masa zai toshe kunne, domin ya daina bambance mai ɗauke da magani da mai ɗauke da dutse. Haka muka yi asara ta fuska biyu, masu kunya da taushin zuciya suna barin fagen, waɗanda suka rage kuma ba sa jin kira.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin masu wannan cin zarafi da sunan addini suke yi. Addinin da ya ce shi nasiha ne, shi ne kuma ya haramta giba, ya yanka bulala 80 ga wanda ya yi wa kamilar mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Wanda ya rubuta a bainar jama'a cewa a binciki budurwa saboda ta ƙirƙiri labarin bazawara, ya kamata ya tsaya ya auna wanne ya fi nauyi a mizani, labarin nata ko maganar tasa.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka ware shafi ɗaya a kowane mako domin tarke, wato sharhi mai hujja, a kan littattafai da fina-finai da waƙoƙin Hausa. Masu iya aikin suna nan: a sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo ana rubuta kundaye a kan waɗannan ayyuka kowace shekara, suna can a kan kanta ƙura na cin su, marubucin da aka yi nazarinsa ma bai san an yi ba. A gayyato su su rubuta da Hausar da mai shayi da matar aure za su fahimta. A gindaya sharaɗi cewa mai sharhi sai ya karanta littafin ko ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, ya sa sunansa na gaskiya, ya nuna shafi ko fitowar da yake magana a kai, kada ya taɓa aure ko iyaye ko asalin mai aikin, sannan a ba wanda aka soka fili ya amsa. A kuma buɗe ƙofa ga sababbin marubuta su aiko da gajerun labaransu a duba musu kafin su sake su, kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta nuna cewa matanmu suna da abin faɗa idan suka sami alƙalan da za su karanta aikinsu da adalci.

Idan ka buɗe shafin, ni mai bayar da gudummawa ne ba tare da neman ko kwabo ba. Littafin rubutun ɗalibar tawa yana nan a durowar ofishina, da gyare-gyaren da na yi masa da jan biro tun daga shafin farko har na 80, kuma ina so in kai mata shi tare da jaridar da za ta nuna mata cewa akwai inda za a karanta labarinta a yi maganar labarin kaɗai.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Hausa,
Kano.