Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi, Alhaji Haruna Iddrisu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni makanike ne a Suame Magazin, unguwar makanikai, gidana yana Aboabo a nan Kumasi. Na fi shekara talatin cikin baƙin mai, kuma na yaye yara da dama a gareji. Abin da ya sa na rubuto maka shi ne ɗan ƙanwata, wanda na ɗauki nauyin karatunsa har ya gama digirin injiniya a wata jami'a.

Ranar da ya kawo mini kundin kammala karatunsa, wanda suke kira furojet, har maƙwabta na kira don murna. Da dare na ce ya zauna ya bayyana mini abin da ke ciki da Hausa, yadda zan gane. Sai yaro ya shiga kame-kame. Can ya faɗa mini gaskiya: yawancin shafukan manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ce ta rubuta, shi dai ya gyaggyara. Ya ce na gaba da su ma wasu saye suke yi. Ban yi masa faɗa ba, amma daren nan ban runtsa ba. Yanzu yana bautar ƙasa, kuma duk inda ya leƙa neman aiki tambayar ɗaya ce: me ka taɓa haɗawa da hannunka?

Ban zo ƙarar na'ura ba. Ƙirƙirarriyar basira ta riga ta shigo gari. Google ya buɗe cibiyar bincikenta a Akra tun 2019, gwamnatinku kuma ta ƙaddamar da shirin koya wa mutum miliyan ɗaya rubuta manhaja a 2025. Mu ma a gareji mun ga irin wannan sauyi. Motar yanzu da kwamfuta a cikinta: ka jona na'urar gwaji, ta ba ka lambar matsala. Amma sau nawa na'ura ta ce wani ƙarfe ya mutu, alhali waya ce ɓera ya gwaguya? Wanda bai san inji ba sai ya sa mai mota sayen abin da ba ya buƙata. Na'urar tana amfanar wanda zai iya gane kuskurenta, shi kuwa wannan ganewa a bakin aiki ake samunsa. A wurinmu ba a yaye yaro don bakinsa ya iya bayani. Sai ya sauke inji, ya wargaza shi, ya mayar, ya tayar da shi a gaban masta da mai mota.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sa hukumar GTEC, wadda ke amince wa jami'o'i da kwasa-kwasansu, ta sauya sharaɗin aikin shekarar ƙarshe. A ɗaura kowane ɗalibi a kan matsala ta gaske mai mai ita, wanda zai zo ranar jarrabawa ya ce abin ya yi ko bai yi ba. A bar shi ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a fili, amma ya tsaya gaban malamai ya nuna abin da ya tambaye ta, da inda ta kauce, da yadda ya gano.

Matsaloli kuwa ba sai an nema ba. Rafin Aboabo ya toshe da leda, duk damina muna kwana da fargabar ambaliya. Manyan mastoci a Magazin suna mayar da motoci saboda ɓangaren lantarki ya fi ƙarfinsu, ga kuma ɗaliban da suka karanta wannan fanni a jami'ar KNUST da Jami'ar Fasaha ta Kumasi da jami'ar koyar da sana'o'i da ke nan garin, kuɗin trotro kaɗai ne tsakaninmu. Su koya mana karatun kwamfutar mota, mu koya musu riƙe sifana. Ba sabon abu nake kawowa ba: tun 1980 KNUST ta kafa sashen yaɗa fasaha a cikin Magazin, dattawanmu sun ci moriyarsa.

Sai maganar kuɗi. Mun gode da ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin makaranta, ya sauƙaƙa wa iyaye da yawa a unguwanninmu na zango. To amma aikin hannu yana cin waya da ƙarfe da batir, kuma ɗan mai sayar da koko ba shi da wannan kuɗi. In ba a ware masa wani abu ba, dole ya koma kan takarda, don ita ce mai araha. Malaman ma a duba su, mutum ɗaya ba zai iya bin ɗalibai barkatai zuwa gareji da kasuwa ba.

Ni dai a shirye nake in karɓi ɗalibi biyu a garejina zango mai zuwa, ba tare da ko sidi ɗaya ba, kuma na san mastocin da za su yi haka. In hanya ta biyo da kai Kumasi, ka tsaya a Magazin mu nuna maka inda za su zauna.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani makanike daga Aboabo, Kumasi