'Ya'yana uku sun bar gida a shekara guda, shin in saki auta ita ma?

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da abokan aikinki, ina neman shawararki a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekaruna sun haura 50, kuma Allah ya azurta ni da 'ya'ya huɗu, biyu maza biyu mata. Na zaɓi in rubuto miki ne domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma duk wanda na fara yi wa maganar a cikin dangi sai ya ce in gode wa Allah kawai, alhali ba rashin godiya ne yake damuna ba.

Duk wanda ya dubi gidanmu a shekarar 2025 zai ce alheri ne ya yi ta sauka, kuma gaskiyarsa ne. Mahaifinsu ya yi ritaya lafiya bayan ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati. A watan Sha'aban auta ta sauke Alƙur'ani, muka yi mata walima. Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren yayarta, 'yan'uwa suka kai ta ɗakinta a Gombe da gara da kayan ɗakin da na daɗe ina tarawa da kuɗin adashi. Ba a jima ba ƙanen amaryar, wanda ya gama Jami'ar Ahmadu Bello, ya sami takardar bautar ƙasa zuwa jihar Kuros Riba, ya yi mako uku a sansanin Obubra, aka tura shi koyarwa a wata sakandare ta ƙauye, kuma alawus ɗin naira 77,000 da ake ba su ba zai ishe shi yawan zuwa gida ba, ganin yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Da damina kuma wurin aikin ɗan farina suka mayar da shi Legas, ya kwashe matarsa da jikokina biyu, aka rufe sashensu.

Tafiyar ɗan farin nan ita ce ta fi taɓa ni, kuma ita ce na kasa nunawa. Kin san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi a gaban mutane ba, kuma tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi riƙo, bai dawo hannuna ba sai da zai shiga sakandare. Ranar da zai tafi ya durƙusa a bakin ƙofata yana neman albarka, abin da bakina ya iya furtawa shi ne Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi albarka. Ba na aibata wannan tarbiyya, domin a cikinta muka tashi kuma tana da mutuncinta, amma na lura cewa duk ƙaunar da na danne a kan manyan, a kan auta na sauke ta. Ita ce abokiyar hirata bayan sallar isha'i, ita take karanta mini saƙonnin 'yan'uwanta a waya idan idona ya gaji, ita ce kuma ta san lokacin shan maganin hawan jinina fiye da ni kaina.

To, Hajiya, yanzu ita ma hanya ta buɗe mata. Tun tana ƙarama burinta ta zama likita. Makin da ta samu a jarrabawar JAMB bai kai ta ga gurbin likitanci a nan Zariya ba saboda yawan masu nema, sai malamanta suka ba da shawarar ta canja zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma Allah ya nufa aka ba ta gurbin. Karatun shekara shida ne idan babu yajin aiki, ga shi ban manta da na 2022 ba, wanda ya zaunar da yayanta a gida wata takwas. Bayan haka akwai shekara guda ta horo a asibiti, sannan bautar ƙasa. Idan na yi lissafi, kafin ta gama duk wannan aure ya zo, wato in ta fita yanzu ta fita ke nan, sai dai ziyara. Idan kuma ta bar gurbin, sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, dole ta sake zama jarrabawar, kuma babu wanda zai ba ni tabbacin za ta sake samun likitanci a ko'ina.

Ina da fargaba ta gaskiya wadda ba zan ɓoye ba. Daga Zariya zuwa Sakkwato tafiya ce ta kusan kilomita 400, kuma hanyar ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, inda kowa ya san halin da matafiya suke ciki da 'yan bindiga. Yarinya ce da ba ta taɓa kwana nesa da ni ba, ba mu kuma da dangi na kusa a can. Sai dai idan na kwanta da dare na tambayi zuciyata, sai in ga cewa ko da hanyar lafiya lau take, ba na son ta tafi. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali, domin ni ce na yi shekaru ina bin iyayen ɗalibaina mata ina roƙon su bar 'ya'yansu su ci gaba da karatu, kuma na ga mata a unguwarmu da suka zauna da ciwo har ya ci ƙarfinsu don kawai ba sa son namiji ya duba su. Ina za a sami likitoci mata idan kowace uwa ta riƙe tata?

Mahaifinta ya amince ta tafi, amma ya ce ba zai tura ta ba sai da yardata, tunda a cewarsa ni ce zan fi jin zafin rashinta. Ita kuma da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, duk abin da kika zaɓa mini shi ne alheri." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, na kuma san tana kuka a ɓoye, domin ina ganin idonta da safe. Goggonta ta ce a bar zancen Sakkwato, ta yi karatu a kusa har miji ya fito. Yayata kuma ta ce in sake ta, za ta ba ni ɗaya daga cikin jikokinta in riƙe, amma ni da na ɗanɗana rabuwa da ɗan farina ina jin nauyin raba wata uwa da ɗanta don in rage kewa.

Don haka nake tambayarki, Hajiya, ta yaya uwa za ta bambance tsoron da yake domin 'yarta da wanda yake domin kanta, tunda a zuciya sun cakuɗe? Idan na hana ta, kuma ta yi biyayya, shin ban ɗauki alhakinta ba? Idan kuma na bar ta, waɗanne matakai kike ganin ya kamata mu ɗauka game da masauki a cikin makaranta da tafiye-tafiyen hutu, kuma yaya ni da mahaifinta za mu saba da zama mu biyu, shi da ya bar aiki ni kuma da ritaya ta ƙarato mini? Na yi istihara, ina kuma ci gaba da addu'a, amma ina son jin ta bakin wadda ta ga irin wannan a gidaje da yawa, har ma da iyaye masu sauraro da 'ya'yansu mata suke karatu a nesa.

Lokacin rajista ya matso, saboda haka ina roƙon ki duba wasiƙata da wuri, kuma don Allah a sakaya sunana. Allah ya saka miki da alheri.

Wassalam,
Wata uwa daga Zariya