Fatar birkin zamani ba ta kowace mota ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da masu riƙe da motocin da, waɗanda birkinsu ba ruwansa da mai, sanda ce ko waya ke jan shi tun daga feda har taya. Irin su Ford Model A ta 1928 zuwa 1931 da Austin Seven ta Ingila. Shi kamfanin Ford ma ai bai koma birkin mai ba sai 1939.

Abin da ke ban haushi shi ne sai bakanike ya ɗauko fatar birki ta zamani, mai taurin nan kamar dutse, ya manna wa irin wannan mota wai ai ta fi ƙarko. To ƙarkon me? Ita an yi ta ne don birkin mai da ke matse ta da ƙarfi sosai, nan kuwa ƙafarka ce kawai da 'yan sanduna, za ka taka har ka miƙe daga kujera motar tana ta tafiyarta abinta. Ni kaina na taɓa sa ta a tawa, wallahi sati ɗaya na ciro ta.

Wadda ta dace ita ce saƙaƙƙiya mai laushi, tana kamawa ko da an ɗan taɓa. Eh tana saurin cinyewa, amma motar da sai jifa-jifa ake fitowa da ita yaushe za ta cinye fata? Kuma a duba duram ɗin tukuna, wato gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya wadda fatar ke matsewa, na asali a Model A ƙarfen falle ne da aka buga, ba ya da kauri, fata mai tauri sai ta kankare shi ta sa ya yi zafi ya buɗe, birki ya ɓace a gangara. Wanda ya canza zuwa duram na zubi shi yana iya gwada mai ɗan tauri.

Bayan an ɗaura a goge fatar ta bi lanƙwasar duram ta zauna gaba ɗaya, sannan a cire sako-sakon da ke gaɓoɓin sanduna, in ba haka ba kuɗin fatar ya tafi a banza.

Sai tsohuwar fatar da za a ciro, yawancinsu da asbestos aka yi su, wato wani ma'adini mai zare-zare, ƙurarsa na kawo kansar huhu. Kar a hura da iska, a jiƙa ta da ruwa a goge, a rufe hanci da takunkumi mai kyau.

Na gode Malam Edita.

Naka mai karatu a kullum.