Tarar da Turai ke cin su Google: baƙonku ya bar rabin labarin a hanya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya da kai da abokan aiki, ya ƙoƙari.

Na saurari shirinku na tattalin arziki wanda kuka tattauna tarar yuro biliyan 2.95 da Tarayyar Turai ta ci kamfanin Google a watan Satumbar 2025 kan harkar tallace-tallace a intanet, da kuma barazanar da shugaba Trump ya yi cewa zai rama. Shirin ya yi daɗi gaskiya, amma baƙon da kuka kawo ya faɗi wata magana da ta tsaya min a rai, wai duk abun hassada ce kawai, Turawan Turai sun kasa ƙera nasu shi ya sa suke tatsar na Amurka. Ya faɗa sau biyu ko uku kuma ba wanda ya ja da shi. Toh ni dai na yi shekaru ina zaman kafe da gyaran kwamfuta tun lokacin da ake biyan kuɗin awa kafin a duba imel, kuma na daɗe ina bin wannan rigimar, shi ya sa na ce bari in ɗan tofa albarkacin bakina.

Da farko dai rigimar nan ta girmi Google a matsayin da yake yanzu. Da Microsoft aka fara. A watan Maris na 2004 Hukumar Tarayyar Turai, lokacin wani ɗan Italiya Mario Monti ne kwamishinan da ke kula da gasar kasuwanci, ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497. Laifi biyu ne. Ɗaya sun ɗaure manhajar kallon bidiyo da jin sauti ta Windows Media Player a cikin Windows ta yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a zaune, na biyun kuma sun ƙi ba wa sauran kamfanoni bayanan da suke buƙata don manyan kwamfutocin ofis nasu su iya magana da Windows yadda ya kamata. Yanzu dan Allah Malam Edita ka tambayi baƙonka, waye ya kai ƙarar nan? Sun Microsystems ne, a 1998, kuma kamfanin Kalifoniya ne. RealNetworks masu RealPlayer ɗin nan da muka sha kallo da shi su ma sun shiga cikin masu kuka, kuma a Seattle suke, kusan maƙwabtan Microsoft ne ma. Wato ɗan Amurka ne ya tsallaka teku ya kai ƙarar ɗan uwansa Burasel, hedikwatar Tarayyar Turai. Abun dariya ma shi ne a 2011 Microsoft ɗin da kansa ya je wannan ofishin ya shigar da ƙorafi a kan Google. Ko maganar Teams, manhajar hira da taro ta Microsoft, da aka yi ta yi kwanan baya, Slack ne ya kai ƙara a 2020, shi ma na Amurka ne. Eh akwai na Turai a cikin masu kai ƙara, Opera na Norway da Spotify na Sweden, ban ɓoye ba, amma idan hassada ce toh mahassadan da yawa a gida suke.

Kuma fa ita kanta Amurka ta riga Turai gurfanar da Microsoft. Ma'aikatar shari'arsu ta kai shi kotu a 1998, a shekarar 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ce a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ce ta soke batun rabawar a 2001 amma ta bar hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba, daga nan gwamnatin Bush ta sasanta da su shikenan. Haka Google, shari'ar da aka yi masa kan manhajar bincike gwamnatin Trump ta farko ce ta shigar da ita a Oktoban 2020, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi kaka-gida a kasuwa ta hanyar da ta saɓa doka. A Afrilun 2025 wata alƙaliya a jihar Virginia, Leonie Brinkema, ta same shi da irin wannan laifin a harkar talla, wato dai kusan abun da Turai ta ci shi tara a kai wata biyar bayan nan. Toh in alƙalin Virginia ya faɗa doka ce, in na Burasel ya faɗa ƙiyayya ce? Laifi tudu ne dai.

Bari in ɗan tsaya a kan me ake nufi da laifin, don na lura mutane da yawa suna ɗauka ana hukunta kamfani ne don ya yi girma ko don ya fi kowa iyawa. Dokar Turai ba ta hana ka girma ba. Abun da ta hana shi ne ka yi amfani da girman ka toshe wa wasu hanya. Ka ɗauka mutum ɗaya ne ke da tasha a gari, duk mai tafiya ta nan zai bi, sai kuma ya sayi motocinsa ya zuba a layi, ya ce wa 'yan kamasho kullum motarsa ce a kan lodi, ta sauran a tura ta can bayan masu sayar da rake inda fasinja ba zai gani ba. Wannan shi ne abun da aka samu Google da yi a 2017 da aka ci shi yuro biliyan 2.42, in ka nemi kaya sai ya ɗora nasa shafin kwatanta farashi a sama, na abokan gasa ya jefa su can shafukan baya, kuma tsakani da Allah waye a cikinmu yake zuwa shafi na huɗu? Na 2018 kuma, yuro biliyan 4.34 kan Android, shi ne sharaɗin da ya gindaya wa masu ƙera waya cewa in kuna son Play Store a wayarku dole ku sa manhajar bincikensa da Chrome tun daga masana'anta.

Wani zai ce ai ba a hana ka sauke wata manhajar ba. Ni na zauna a kafe na gani da idona, cikin mutum ɗari da wuya ka samu biyar da za su canza abun da suka tarar a kwamfuta, alamar da suka gani a fuskar allo ita ce intanet a wurinsu, wasu ma ba su san tana da suna ba. Kamfanonin sun fi mu sanin haka. A shari'ar Amurka ai an fito da lissafi a fili, a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama shi ne za ka tarar a wayoyi da burauzoci, kuma kaso mafi tsoka Apple ke karɓa. Ba wanda zai zubar da wannan kuɗin a kan abun da ba shi da tasiri.

Sannan Burasel ba ta ƙyale 'yan gida ba. A 2016 ta ci masu ƙera manyan motoci, su Daimler da DAF da Iveco da Volvo, kusan yuro biliyan 2.93 saboda haɗa baki kan farashi, a 2019 kuma ta hana Siemens na Jamus da Alstom na Faransa haɗe harkar jiragen ƙasa duk da gwamnatocin ƙasashen biyu sun so a yi, har suka yi ta fushi. Kuma kamfanonin Amurka suna cin nasara a kotunan Turai in suna da gaskiya, tarar yuro biliyan 1.06 da aka ci Intel a 2009 kotu ta soke ta a 2022, ta biliyan 1.49 da aka ci Google a 2019 ita ma an soke ta a 2024.

Inda ni nake ganin gizo ke saƙa daban ne da inda baƙonku ya nuna, kuma a nan ina da ƙorafi a kan Turai ɗin ma. Tarar nan ihu bayan hari ce. Dubi ta 2017 ɗin, wani ƙaramin kamfanin Birtaniya mai suna Foundem ne ya fara kuka a 2009, aka buɗe bincike a 2010, hukunci ya zo 2017, kotun ƙoli ta Turai ba ta rufe maganar ba sai Satumbar 2024. Shekara goma sha biyar! Yaron da aka haifa ranar da aka kai ƙara ya kusa gama sakandare. Wane ƙaramin kamfani ne zai iya riƙe numfashi haka? Na Microsoft ma haka, aka tilasta masa fitar da Windows marar Media Player, aka sa mata suna Windows XP N, aka sa ta a kasuwa farashi ɗaya da mai ɗauke da komai, toh wa zai saya? Kusan ba wanda ya kula ta. Da kamfanin ya yi ta jan ƙafa wajen ba da bayanan da aka ce ya bayar sai aka ƙara masa yuro miliyan 280.5 a 2006, aka sake ƙara miliyan 899 a 2008 wanda kotu ta rage zuwa 860. Mafi ban mamaki ita ce ta 2013, sun yi alƙawari a 2009 za su riƙa nuna wa mutanen Turai allon zaɓar burauzar da suke so, sai allon ya ɓace daga Windows 7 tun Mayun 2011 har Yulin 2012, mutum wajen miliyan 15 ba su gan shi ba, kamfanin ya ce kuskuren na'ura ne, aka ci shi miliyan 561. Sama da shekara guda fa abun ba ya nan kuma hukumar da ta sa dokar ba ta ankara ba sai da aka tsegunta mata.

Kuɗin ma in ka auna da aljihunsu, ko a jikinsu an tsikari kakkausa. A shekarar da aka ci Microsoft miliyan 497 ɗin nan, a cikinta ya sanar da rabon ribar musamman ta kusan dala biliyan 32 ga masu hannun jari. Alphabet uwar Google ta ci ribar kusan dala biliyan 100 a 2024, ka ga tarar biliyan 2.95 ba ta kai ribar sati biyu ba. Doka ta yarda a ci har kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani na duniya a shekara, amma ba a zuwa kusa da nan. Ina ganin shi ya sa suka fito da sabuwar dokar kasuwannin dijital wadda ke gindaya wa manyan sharuɗɗa tun kafin su yi ɓarna, da ita aka ci Apple yuro miliyan 500 da Meta mai Facebook miliyan 200 a Afrilun 2025.

Yanzu maganar siyasar. Ƙorafin Amurka tsoho ne kuma duk jam'iyyun suna yi. A 2001 da Turai ta hana General Electric sayen Honeywell bayan Amurka ta amince an yi ta cacar baki. A 2007 da kotun Turai ta tabbatar da hukuncin Microsoft, babban jami'in ma'aikatar shari'ar Amurka mai kula da gasa ya fito ya soki hukuncin, kwamishina Neelie Kroes ta mayar masa da martani mai zafi cewa ba hurumin jami'in wata gwamnati ba ne ya soki kotu mai zaman kanta. Obama ma a 2015 ya yi irin maganar baƙonku, cewa kamfanonin Turai sun kasa gasa ne. Trump kuwa ya ce Margrethe Vestager, kwamishinar gasa ta Turai a lokacin, ta tsani Amurka. Amma duk a da baki ne kawai. Abun da ya canza yanzu shi ne an haɗa tara da harajin kwastan a faranti ɗaya. A Fabrairun 2025 Trump ya sa hannu a takardar da ta kira irin waɗannan tara da haraji ƙwace, a Yuli shi da shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen suka daidaita a Sikotilan kan harajin kashi 15 a yawancin kayan Turai, kuma da tarar Satumba ta fito ya yi barazanar buɗe bincike a ƙarƙashin sashe na 301 na dokar cinikinsu, wanda shi ne ƙofar ƙaƙaba sabon haraji. Kafofin labarai ma sun ruwaito cewa an ɗan jinkirta sanar da tarar kwanaki kaɗan saboda a lokacin ana jiran Amurka ta sauke harajin motocin Turai daga kashi 27.5. Kanada kuwa a Yunin 2025 janye harajinta na dijital ta yi gaba ɗaya bayan Trump ya dakatar da tattaunawa da ita.

Wannan shi ne abun da ya dame ni wallahi. In kamfani ya yi laifi a hukunta shi, in bai yi ba kotu ta soke tarar kamar yadda aka yi wa Intel. Amma in ya zama girman tara da ranar sanar da ita sun dogara ne da nawa za a caji motar Jamus a tashar jirgin ruwan Amurka, toh mai ƙera mota a Stuttgart da bai san hawa ba bai san sauka ba ya zama abun garkuwa, shi kuma ƙaramin kamfanin da ya kai ƙara an sayar da haƙƙinsa a teburin da ba a gayyace shi ba. Kuma mu ma nan ba 'yan kallo ba ne zalla, hukumar kare masu saye da gasa ta Najeriya ta ci Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. In Turai mai mutum kusan miliyan 450 da kuɗi a hannu tana lissafin kwana kafin ta sanar da hukunci, ka ƙiyasta yadda ƙasar da ba ta da wannan nauyin za ta ji in aka buga mata waya daga Washintan.

Roƙona dai ku sake shirin, ku haɗa baƙon nan da wani lauya ko malamin jami'a da ya san dokar gasa, ku ba su lokaci ya ɗan fi na wancan karon, kuma dan Allah a tambaye shi maganar Sun Microsystems da hukuncin alƙali Mehta, ina son in ji me zai ce. A gaishe da mai gabatarwa, a ce masa ya rage saurin karanta lambobi, biliyan da miliyan suna haɗe mana a kunne.

Naku,
Mai sauraronku na kullum, daga Zariya